Fuskar Binta da Nonon Akuya

Daren Talata, Yuni 1999

Na gaji tiɓis. Tun asuba na taka daga Gwale har Ƙofar Kabuga neman nonon akuya, don na akuyarmu ya ƙafe. A hanya kowa zancen mulkin farar hula yake, ni kuwa fuskar ƙanwata Binta ce a raina, wadda man bilicin ya ƙona. Sati uku ke nan ina kwaɓa mata nonon da kurkum da man kaɗanya tana shafawa. Tabon yana nan, amma raɗaɗin ya lafa.

Da la'asar ta ce, "Yaya, miƙo min madubi." Ta daɗe tana kallo, ba ta yi kuka ba. Sai ta fito tsakar gida fuska a buɗe, ta taya Inna tsintar shinkafa. Ni ce na shige ɗaki na yi kukan.