Farantin Ɗaki na Bakwai

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan ƙafar ta yi sauƙi, kunnen kuma ya rage gardama. Tunda kin rantse ba ki jin komai a waya sai shuuu, ga ni na koma biro da takarda. Direban motar safe zai miƙo miki tare da gwangwani.

Abin da ke cikin gwangwanin sabon biskit ne da nake gwadawa. Ƙasansa kwaɓin fulawa da bota, tsakiyarsa narkakken sukari da madara, samansa cakulan, in ya huce a yanka shi sanda-sanda. Masu shagon shayi biyu sun ce za su riƙa saye. Kuɗin sallamata daga ofis suna nan ban taɓa ba. In Allah ya yarda da su zan sayi babban obin na gasa biskit, in kama shagon da ke ƙasan benenmu.

Zan gaya miki wani abu, amma kada ki yi mini faɗa. Na fara koyon cinikin kuɗin ƙasashe a kwamfuta: ki sayi kuɗin wata ƙasa, in ya tashi ki sayar. Da kuɗin gwaji nake yi tukuna, na ƙarya, ko sun salwanta ba abin da ya salwanta. Sai dai layin farashin da ke hawa da sauka a fuskar kwamfutar akwai kama ido, Yaya. Sau uku ina ƙona sukari saboda shi. Kin dai san halin sukari, yanzu yana ruwan zuma, kafin ki waiga ya zama gawayi.

Jiya da yamma na tarar an turo takarda ta ƙarƙashin ƙofa, daga maƙwabcina na ɗaki na bakwai, wanda shekarata guda a benen nan ban taɓa sa shi a ido ba. Na kwafo miki ita don ki sha dariya.

Ki gaishe da maigidan. Taki,
Auta

*

Zuwa ga baiwar Allah ta ɗaki na shida,

Sallama da ban girma. A gafarce ni da shiga sharo ba shanu. Ƙaurin sukarinki ya iso ni sau uku, na gane idonki yana inda nawa ya daɗe. Shekara talatin na yi a bayan gilashin banki, kuma na ɗan taɓa wannan ciniki.

Ki cika wata uku da kuɗin gwaji. In kin koma na gaske, kada ki sa a ciniki guda abin da ya wuce kashi ɗaya cikin ɗari na abin da kika ware. Kafin ki saya, ki sa wa kwamfutar iyakar asara, wadda in an kai za ta rufe cinikin da kanta. Ni birki nake ce masa. Birki ba a cire shi, ko da zuciya ta yi rantsuwa cewa layin zai dawo. Kuɗin da kika riga kika yi wa gurbi kuwa ba na kasuwa ba ne.

In da hali, a ajiye mini yanka ɗaya a bakin ƙofa. Kada a ƙwanƙwasa, ba na son tashi daga kujera.

Na gode,
Na ɗaki na bakwai

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Gwangwani ya iso, ga shi nan ya koma fanko. Maigidan ya cinye rabi yana cewa wai ɗanɗanawa yake yi. Hannunki hannun Inna ne, Allah ya jiƙanta.

Amma ke da ko a wajen mai kayan miya sai an rage miki canji, ke ce za ki yi ciniki da kuɗin ƙasashe? To, Allah ya ba da sa'a. Maganar tsohon nan dai ba ta da aibu. Abin da ya tsaya mini a rai guda ne: ƙauri hanci ke jin sa, na yarda, amma da wane hancin ya ji abin da kike kallo a kwamfuta? Ki tambayi mai gadi ko wane ne shi.

Kuɗin obin kuwa, in kika taɓa su, da wannan gurguwar ƙafar zan hau bene in same ki.

Ki huta lafiya,
Yayarki

*

Yayata,

Gaisuwa da fatan alheri. Ki yafe mini shirun wata huɗu, aiki ne ya sha kaina. Shagon shayi huɗu nake kai wa yanzu, ɗan ƙaramin obin ɗina har nishi yake yi.

Na bi dokokin maƙwabci sau da ƙafa. Na koma kuɗin gaske, 'yan kaɗan daga ribar biskit. Wata rana in ci, wata rana birki ya fitar da ni da 'yar asara, in yi tsaki in koma kicin. Duk ranar da na yi gashi nakan ajiye masa yanka a faranti, kafin in gama wanke tukunya farantin ya dawo bakin ƙofata a wanke tas, da takarda a ƙarƙashinsa. Ban taɓa jin buɗewar ƙofarsa ba, alhali ƙofofin benen nan duk kuka suke yi.

Abu ɗaya ya ɗan sosa mini rai. Ranar Talata ya rubuto: "Yau kin manta birki a cinikinki na biyu." Yaya, teburina a lungu yake, labule a sake, a hawa na uku. Na duba, gaskiyarsa ce. Farantin ma in na ɗauka sanyi ƙalau, kamar daga firiji aka fito da shi. Ban tambayi mai gadi ba, don ina jin nauyin in binciki mutumin da bai yi mini komai ba sai alheri.

Taki,
Auta

*

'Yata ta ɗaki na shida,

Sallama, cikin gaggawa. Ranar da na daɗe ina jira ta zo. Layin ya faɗi ƙasa sosai, daga nan sai sama. Na san shi kamar tafin hannuna, shekara huɗu ina kallonsa. Irin wannan rana ba ta 'yan kuɗin biskit ba ce, ki sa na obin. Kwana uku kacal, ki sayi obin biyu.

Birki kuwa ki cire shi, wannan karon kaɗai. Kafin layin ya tashi zai ɗan ƙara nutsewa, birki zai fitar da ke ana dab da ci. Na taɓa gaya miki abin da bai tabbata ba?

Na ɗaki na bakwai

*

Yaya,

Ko gaisuwar kirki ba zan iya ba. Na taɓa kuɗin obin. Ga takardarsa nan na haɗo miki, ita na bi: duka na zuba, na cire birki, yau kwana biyar. Layin ƙasa kawai yake yi. Kashi ɗaya cikin uku ya riga ya tafi.

Jiya da hantsi na kasa daurewa, na je na buga ƙofar ɗaki na bakwai har hannuna ya yi zafi. Mai gadi ya hawo yana haki.

"Mama, wa kike nema a nan? Ɗakin nan shekara huɗu ba kowa a ciki."

Na ce masa wasa yake yi. Ya sauka ya ɗauko mukulli, sai da ya sa kafaɗa kafin ƙofar ta buɗe.

Ƙura ta rufe ƙasa, babu sawun kowa. Tebur ɗaya, kujera ɗaya, tsohuwar kwamfuta da igiyarta a cire. A kan teburin kuwa ga biskit ɗina jere sahu-sahu, tun na farko mai ɗan ƙauri har na makon jiya. Ba a gutsuri ko ɗaya ba, tururuwa ma ba ta hau ba, cakulan na ƙyalli kamar yanzu na zuba shi.

Mai gadi ya yi salati ya ja da baya. Ya ce mai ɗakin tsohon ma'aikacin banki ne, mutum mai taka-tsantsan, har maƙwabta kan zo neman shawara wajensa. Rana ɗaya ya zuba kuɗin sallamarsa kaf a ciniki guda.

"Daga nan ya daina fita, Mama. In na kawo masa saƙo sai ya ce in ajiye a ƙofa, wai layin zai dawo, yanzu zai dawo. A kan kujerar nan muka tarar da gawarsa."

Na koma ɗakina, sai ga sabuwar takarda a ƙarƙashin ƙofa, tawadar ko bushewa ba ta yi ba: "Kada ki rufe. Zai dawo."

Abin da ya fi ba ni tsoro, Yaya, har yanzu ban rufe ba. In na rufe asara ta tabbata, shago ya tafi. Kwana biyar ban kunna obin ba. Ɗazu wani mai shayi ya zo yana ƙwanƙwasawa, sai na ji bakina yana ce masa ya ajiye saƙon a ƙofa, ba na son tashi daga kujera.

Ki yi mini addu'a,
Auta

*

Auta,

Salamu alaikum, kuma ki karanta wannan a tsaye. Na roƙi direba ya juyo da ita yau ɗin nan. Faɗa sai na zo, gobe ina tafe da sandata.

Kafin nan ki tashi ki ɗora tukunya. Tire guda na biskit nake so, in tarar da shi a yanke. Ki tsaya a kan sukarin kamar yadda Inna take tsayawa. Tun kina 'yar shekara goma kin san in ya fara ƙauri saukewa ake yi, a ceci abin da ya saura. Wa kika taɓa gani yana jiran ƙonannen sukari ya koma fari?

Kuɗi a sake nema. Ƙanwa ɗaya gare ni, ba zan bar wa kujera ita ba.

Yayarki

*

Zuwa ga maƙwabcina na ɗaki na bakwai,

Sallama da ban girma. Na rufe. Tun kafin Yayata ta iso na sauke tukunya, na je na danna da yatsa mai danƙon sukari. Kusan rabi ya tafi. Na yi kuka har na gode Allah. Shagon ƙasan bene wani tela ya kama shi makon jiya. Da abin da ya saura na sayi obin na hannu, matsakaici, ni da mai gadi muka ja shi zuwa kicin, Yaya na zaune tana ba da umarni da sanda.

Cinikin zan koma masa, amma sai na sake yin wata uku da kuɗin gwaji. Takardarka ta farko na manna ta a bango. Mutumin da ya rubuta ta ya yi mini alheri, shi nake sawa a addu'a, sauran takardun na ƙone su.

Ga yanka na ƙarshe, sukarin ya yi daidai wannan karon. Don Allah ka ci. Kai ma ka rufe, Baba, ka huta.

Ta ɗaki na shida

*

'Yata,

Sallama. Kin yi daidai, dokar ke nan. Na gode da yankan, na ajiye shi tare da 'yan'uwansa. Ranar da layin ya dawo zan ci su duka. Saura kaɗan.

Na ɗaki na bakwai