Gilasan Cikin Gwangwanin Tahniya

Inna, salamu alaikum daga Gadarif. Yaya ƙafarki, yaya su Asiya?

Albishirinki! Gilasan binciken da na gudo da su daga Khartum cikin gwangwanin tahniya, na bar suturata har kika ce, "Gilashi za ki ɗaura?", ba su lalace ba. Yau na samu madubin asibiti na duba. Samfurin ciwon dajin bankiryas ne, irin wanda ya ɗauke Baba. Akwai furotin mai riƙe ƙwayoyin jiki kamar ƙaro, kuma inda ya ragu, nan cutar ta ɓalle. Da idona na gani, har na rangaɗa guɗa!

Lafiyata lau. Mu tara muke kwana a ajin makaranta, amma akwai iska.

Ki sa mini albarka. Kuma ki aiko da zane ɗaya, Inna. Gaskiyarki, gilashi ba ya ɗauruwa.

'Yarki,
Lailatu