Littafinka Bai Taɓa Zuwa Zariya Ba

Zuwa ga taubashina marigayi Labbo Tela na Kebbe,

Bayan gaisuwa mai yawa da addu'ar Allah ya sa kana cikin rahama, na rubuto ne in faɗa maka abin da na kasa faɗa kana da rai.

Shekarar da aka sami mulkin kai ka hawo keke har Tambuwal, ka same ni a makaranta, ka miƙa mini labarai tara da ka rubuta da ajami. Ka ce in juya su zuwa boko, in aika wa masu buga littattafai a Zariya. Na duba shafi ɗaya, na ga aljana, na yi dariya. Na ce gemu ya yi tsawo amma ana tatsuniyar tsofaffin mata. Ka ce, "Malam, ɗinki nika yi, ko da zare ko da magana."

Ban aika ba, Labbo. Ni malamin da ya karanta littattafan Turawa har ya sa tabarau, ina zan kai labarin tela? Bayan wata uku na ce maka sun ƙi. Ka gyaɗa kai, ka auna mini sabuwar riga.

Na so in yar da takardun ma, sai na ga kowane labari da Bisimilla ka fara shi. Wa zai jefa sunan Allah a juji? Na cusa su cikin gafakar Baba, can suka zauna.

Bana da damina ɗaki ya yi yoyo, na fito da gafakar, na zauna na karanta. Har aka kira Azahar ban ɗaga kai ba.

Aljanarka da ke zuwa cin kasuwa, ba ƙafar jaki ka ba ta ba, kawai dai ba ta taya kaya, shi ya tona mata asiri. Wanda bai zauna kasuwa ba ba zai san wannan ba. Ga rijiyar da ke matsawa taki ɗaya duk sa'ad da aka yi ƙarya a bakinta, har mutanen gari suka koma ɗebo ruwa da raƙumi. Ba ka yi wa kowa wa'azi ba, ka bar su da ƙishirwarsu. Da na kai nan sai da na cire tabarau na daɗe ina gogewa.

Labari na tara gara ta cinye ƙarshensa. Laifina ne, kuma ba zan yi masa faci da zarena ba.

Ran Juma'a na je Kebbe na durƙusa gaban Hajo matarka, na faɗa mata kome. Ko mamaki ba ta yi ba. Ashe kai kake ɗinka wa ma'aikacin gidan waya kaya, tun farko ka san ba abin da ya fita zuwa Zariya. Ta ce cewa ka yi, "A ƙyale shi, shina da karatu, hankali na nan tahe."

Ya taho, taubashi, sai dai ya tarar ka tashi. Na juya sauran takwas ɗin zuwa boko, jiya na aika su Zariya, sunanka kaɗai ne a kai.

Allah ya haskaka kabarinka, ya yafe maka, ya sa kai ma ka yafe mini.

Naka mai jin kunya,
Malam Maccido, Tambuwal