Daron Mariyamu

Litinin, 7 ga Oktoba, 2024
Baƙin da na ba haya ta kwana biyar a sashen baya sun tafi ba sallama. Makulli a ƙarƙashin tabarmar ƙofa. Na buɗe na ga abin da na gani. Sun ɓalle famfon banɗaki, sun ƙona katifa da sigari, sun cire fanka biyu, labule ma bai tsira ba. Duk wannan da sauƙi. Daron tagulla na marigayiya matata Mariyamu, wanda ta zo da shi daga Bida, babu shi a kan sif. A cikinsa aka wanke 'ya'yana shida. Rashidatu, autata, wannan watan za ta haihu, kuma a sashen nan za ta yi wankan jego.

Talata, 8 ga Oktoba
Ofishin 'yan sanda. Saja Christiana ta ce in kawo takardar yarjejeniya. Babu. Katin shaidarsu? Babu. Ta ajiye biro ta dube ni: "Baba, to me kana da shi?" Na ce mutumin ya ce sunansa Zakariyya, biki suka zo, kuma sahu ɗaya muka yi la'asar. Ta yi dariya. Ni ban ga abin dariya ba. Wanda ka ci tuwo da shi, ta yaya za ka ce ya nuna kati? Haka aka tashe mu.

Alhamis, 10 ga Oktoba
Na koma. Wai mai binciken ya tafi Zungeru. In zo gobe.
Maƙwabcina Irimiya, tsohon masinjan kotu, ya ce, "Ndaman, shekara uku kana ajin yamma, ka iya rubuta komai ban da yarjejeniya." Ya yi sa'a carbi ne a hannuna.

Juma'a, 11 ga Oktoba
Gobe ta sake zama gobe. Amma ina duba shafukan baya na littafin nan na ci karo da abu. Malaminmu na ajin yamma ya saba ce mana duk abin da ido ya gani hannu ya rubuta, don kada hannu ya yi sanyi. Ranar da suka iso ashe na kwafe lambar motarsu, haka kawai, tsakanin labarin ruwan da aka yi da na ciwon gwiwata. Na kai wa Saja. Wannan karon ba ta yi dariya ba.

Asabar, 12 ga Oktoba
Rashidatu ta sauka lafiya! Mace! Alhamdulillahi. Hancin kakarta sak. Na yi sabuwar amarya da furfurata. Na raba dabino har wa mai facin taya na bakin titi.

Laraba, 16 ga Oktoba
An kama motar a Beji, da Zakariyya a ciki. An samo daron, da fanka ɗaya. Na gan shi da idona a ɗakin ajiyarsu, tsakanin wani babur da buhun wayoyin lantarki, an rubuta lamba 47 a gefensa da jan fenti. Na miƙa hannu, aka ce a'a. Kayan shaida ne. Ba zai fita ba sai kotu ta gama. Yaushe? Irimiya ya ce ya san wata akuya da ta haihu sau biyu tana kayan shaida.

Asabar, 19 ga Oktoba
Suna. An sa mata Mariyamu. Na shiga ɗaki na daɗe ban fito ba.

Lahadi, 20 ga Oktoba
Sun dawo gida wanka. Na gyara famfo, na sake katifa. Nma, gwaggon Rashidatu, ta wanke jaririyar a robar wanki, shuɗiya. Roba! Rashidatu kuwa, na ga ta kalli saman sif sau biyu.

Talata, 22 ga Oktoba
Kotu. Na sa babbar riga. Daga ƙarfe tara har azahar a kan benci, sannan aka ɗage zuwa 3 ga Disamba, wai takarda ba ta iso ba. Na ƙirga da yatsu: a yi arba'in 21 ga Nuwamba, su koma gidan mijinta. Daro yana can yana hira da babur.
A waje mahaifin Zakariyya ya tare ni. Tsoho ne, ya girme ni, ya cire hula. "Ka rufa mana asiri, Allah ya rufa naka." Na ce ɗanka ya rufa nawa? Na wuce. Ba zan janye ba. Na rubuta a nan don in riƙa gani: BA ZAN JANYE BA.

Juma'a, 25 ga Oktoba
Saja ta ce hanya ɗaya ce: in an sasanta na janye ƙara, a ba ni kayana a ranar. Wato ɓarawo ya tafi gida ni in yi godiya. Irimiya ya ce in riƙe, gaskiya tana hannuna. Ai na sani. Gaskiyar ce za a zuba wa ruwan ɗumi?

Lahadi, 27 ga Oktoba
Robar ta tsage. Nma ta aro wata a maƙwabta. Rashidatu ta ce, "Baba, Inna ta ce min ni ma a cikinsa zan wanke nawa." Ba ta ƙara ba. Da ma faɗa ta yi mini.

Talata, 29 ga Oktoba
Na fita da safe. Na sa hannu a wata takarda, bayan na karanta ta sau biyu da kaina. Na sa Zakariyya ya rubuta da hannunsa cewa zai mayar da fanka da labule, ubansa da Irimiya suka shaida. Ni ban kira wannan janyewa ba. Yarjejeniya ce, ta makara kawai.
Nma ta goge daron da toka da lemun tsami, fentin ya ƙi fita. Amaryata ta yi wanka a lamba 47, ta tsala ihu, ta yi fitsari a ciki. Haka uwarta ta yi.
Gobe in nemi kananzir don fentin. Ko in bar shi.