Gishiri a Kan Idon Jirgi

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Inna da duk mutanen gida. Ya ƙafar Inna? Ni lafiya lau nake, sai dai har yau cikina bai gama shiryawa da teku ba.

Ka ce ba ka ga abin da 'yar mai gyaran tabarau za ta tsinana a jirgin ruwan yaƙi ba. To Baba, sana'arka nake yi. A can ƙololuwar jirgin akwai wata na'ura kamar tulu, mai juyawa ko'ina, da idanu biyu. Ɗaya kyamara ce mai jawo nesa kusa, tana karanta lambar jirgin da ni ko inuwarsa ban hango ba. Ɗaya idon kuwa ba ruwansa da haske, zafi yake gani. Duk abin da ke da ɗumi sai ya fito fari a allo. Rannan wani ya dafa ƙarfe ya ɗauke hannu, na ga sawun yatsunsa biyar suna nan. Ni ce mai kula da lafiyar idanun nan, kuma ina son su kamar me.

Yaya ya rubuto mini cewa likita ya ce yanar ido ce ta rufe maka gani, aiki kaɗan za a yi, amma ka ce ba mai sa maka wuƙa, wai idon ya gama zamaninsa. Ya ce ka daina buɗe shago, kuma shi ke karanta maka wasiƙuna. Abin ya tsaya mini a rai, Baba. Don Allah ka sake tunani.

A gaida Inna da kyau.

Taka,
Auta

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma tambayar lafiyarku. Saƙonka ya iso, cewa in ji da tuluna in bar ka da idonka. Na ji. To bari in ba ka labarin tulun.

Makon jiya idon zafin nan ya fara nuna komai dishi-dishi. Shugaban sashenmu, wanda muke kira Gaggawa a bayan idonsa, ya duba wayoyi, ya kashe ya kunna, ya ce na'urar ta mutu, sai mun koma tasha an sauya ta. Ban ga laifinsa ba. Murfin idon nan ba irin gilashinka ba ne, baƙi ne wuluk mai sheƙi, ba a gani ta cikinsa. Kowa ya kalle shi daga ƙasa ya ce fes yake, ga shi kuma akwai famfon da ke wanke shi da kansa.

Sai na tuna da kai a bakin shago, kana cewa gilashi ba ya faɗin gaskiya gaba da gaba, sai an karkata shi ga haske. Da safe na ɗaura igiya a ƙugu na hau. Na manna kuncina a gefen murfin na duba ta kaikaice. Gishirin teku ne, Baba, ya kwanta siriri kamar farar ƙura. Ashe bakin famfon ne ya toshe. Gaggawa ya miƙo mini hankicinsa wai in goge, saura kaɗan in manta ya girme ni a muƙami in yi masa faɗa, don hankici karce gilashi yake yi. Na ciro ƙyallena mai laushi na yi yadda ka koya mini: na hure, na jiƙa, na shafa sau ɗaya, na juya ƙyallen. Da na sauko, allon ya yi tar. Gaggawa ya daɗe yana sosa ƙeya.

Kwana huɗu bayan nan, da la'asar, jirgin wasu masunta ya kama da wuta. Mun kwashe mutum shida, suna ta nuna ruwa suna cewa saura ɗaya. Hayaƙi ya kwanta a kan teku, masu tabarau mai hangen nesa ba su ga komai ba, kyamarar haske ma haka. Muka juya idon zafi. Can gefen allo sai ga wani ɗigo fari, bai fi ƙwayar shinkafa ba, yana ɓacewa yana dawowa. Kan mutum ne. Dattijo ne sa'anka, ya rungume jarka. Da aka fito da shi leɓɓansa har sun yi shuɗi. Da gishirin nan yana nan, da ɗigon bai fito ba. Kyaftin ya yaba wa na'urar, kuma ta cancanta. Ni dai na shiga ɗaki na yi kuka na ƙoshi, don na san hannun wa ya cece shi.

Baba, kai ma ka yi irin ta Gaggawa. Ka yanke wa ido hukuncin mutuwa alhali murfinsa ne kawai ya dushe. Shekara arba'in kana yi wa mutane faɗa idan sun jefar da tabarau mai gyaruwa. Ina tsoron in dawo gida da kakina ka shafa fuskata da hannu kafin ka gane ni. Ban taɓa roƙonka abu irin wannan ba.

Yaya, kada ka tsallake ko layi ɗaya, na san halinka.

Taka har kullum,
Auta

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum. Ya jiki? Ya Inna da hidimar jinya? Alhamdu lillahi! Yaya ya rubuto cewa an yi aikin, kuma da aka cire maka bandeji, abin da ka fara yi shi ne karɓar tabaran likitan, ka karkata shi ga taga, ka ce da gefen riga yake goge shi. An ce bai yi musu ba. Na karanta wa Gaggawa wurin, ya ce lallai gado na yi.

Ƙarshen wata za mu iso tasha in sha Allahu. Na rubuta wannan da manyan baƙaƙe da gangan. Yaya, wannan ba taka ba ce, ka miƙa masa.

'Yarka mai alfahari da kai,
Auta