Kulu, Na Ga Ɗiyarki a Argungu

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarki da ta maigidanki, ni ce Hajo ta Nasarawa, wadda kuka haɗu da ita a bencin awon ciki a Birnin Kabi shekara bakwai da suka wuce.

Kin tuna rana ɗaya aka gaya mana muna ɗauke da cutar nan mai karya garkuwar jiki. Ni wata biyu da rasuwar mijina, ke kuma naki ya sake ki. Ni na kai ki wurin matar nan ta bayan bariki da ke zuba mana burkutu a ƙwaryar fura don kada a gane. Mukan sha har tsoro ya kwanta.

Ranar da malamar awo ta ji warin a bakinmu, ta tura ƙofa ta ce, “Abin da duk kunka sha, ɗan cikin na sha tare da ku.” Daga ranar ba ki ƙara ba. Kwana da kwanaki kina fama da kwaɗayin giyar, ni ina yi miki dariya ina ce miki ustaziya. Ban fasa ba har na haihu. Ko bayan haihuwa, sau nawa na manta ban ɗura wa ɗiyata Rabi maganinta na rigakafi ba.

Allah ya tsare, cikin ɗiyan namu ba wadda ta ɗauki cutar. Amma Rabi ta zo 'yar mitsitsiya, kuma har yau ba ta riƙe karatu. Abin da malam ya biya mata da safe, kafin azahar ya tafi. Likita ya ce giyar na iya zama sanadi.

Makon jiya na zo Argungu sarin bandar kifi, na hango ki. Kin yi ƙiba, kin yi fes. Ɗiyarki Asma'u na karanta miki rubutun jikin wata mota da ƙarfi, kina dariya. Na laɓe bayan kwanduna, ban gaishe ki ba. Wallahi Kulu, ƙirjina ya yi zafi. Na ƙare wa yarinyar kallo ina neman aibi, ban samu ba. Cutarmu ɗaya, maganinmu ɗaya. Da mi kika fi ni?

Na sani. Ni ma na daina sha, shekara biyu ke nan. Amma ke kin daina tun ɗiyarki na ciki. A kan wannan nake miki hassada, fiye da mijin da kika samu.

Rabi yarinyar kirki ce. Kullum da safe ita ke kawo mini ruwan shan magani, ta tsaya sai na haɗiye.

Allah ya raya Asma'u. Na daɗe kafin bakina ya iya faɗin haka. Ki riƙa sa Rabi a addu'a. Ni kuma ki roƙa mini Allah ya sanyaya zuciyata, ko na iya yi miki sallama in na dawo.

Taki,
Hajo