Fina-finan Fatalwa Za Su Raba Ni da 'Yata

Baba Falalu, don Allah ka agaza mini da shawara, abin ya sha mini kai.

Ni malamin gona ne a Gwiwa. Matata Saude ta rasu shekarar da aka koma tuƙin dama, ta bar mini 'ya ɗaya, Asma'u. Kawun marigayiyar, Kawu Daudu, ya ɗauke ta zuwa Roni, da alkawarin in ta cika shekara bakwai za ta dawo hannuna. Bana ta cika.

To ga inda gizo ke saƙa. Duk ƙarshen wata nakan hau keke zuwa Kazaure, in shiga mota sai Kano, in faɗa sinima. Ba na Indiya nake kallo ba, ba na kaboyi ba. Tsofaffin fina-finan fatalwa na Turawa nake bi, marasa kala, waɗanda ake sawa in an rasa na sawa. Wallahi ba sa ba ni tsoro. Ina ganin zaren da aka rataye jemage da shi, fatalwar ma ƙato ne aka lulluɓa wa zanen gado, har takalminsa a waje. Amma da gawa ta motsa sai 'yan kallo su ɗauki salati, na kusa da ni ya damƙe hannuna bai sani ba. Ina jin kunyar rubuta wannan, Baba, amma ban da musafaha, tun rasuwar Saude ba wanda ya riƙe ni sai waɗannan baƙin. A gida ni kaɗai nake cin tuwo, sai rediyo.

Wani ɗan kamasho ya gan ni a layin tikiti, labari ya kai Roni. Kawu ya aiko cewa ba zai ba ɗan sinima yarinya ba. Wata biyu ke nan na kasa zuwa Roni, don ban san me zan ce masa ba.

Mai kewa, Gwiwa.

Ɗana mai kewa, Allah ya jiƙan Saude. Kaɗaici ciwo ne, ba abin kunya ba, kuma ban ga ɗan iska a wasiƙarka ba.

Amma Kawu ma yana da gaskiya. Shi ya yi wahalar rainon yarinyar, kuma abin da ya sani game da sinima shi ne abin da kowa ke faɗa. Shirun da ka yi ya fi zuwa Kanon ɓata maka suna, don mai gaskiya ba ya ɓuya.

Ka je da ƙafarka, ba da saƙo ba. Ka ɗauki dattijo guda da goro, ka durƙusa, ka faɗa masa abin da ka faɗa mini, kada ka rage komai. Shi ma ya binne nasa, zai gane. Ka jingine sinima tukuna. Kada kuma ka nemi Asma'u ranar, don ba zai sake ta zuwa gidan da babu mace ba. Ka ɗauko gwaggo ko ƙanwa ta zauna da kai, batun aure ma kada ka rufe ƙofarsa.

Kafin nan, duk Juma'a kekenka ya nufi Roni. Kai kana da wurin gudu in kewa ta dame ka, ita yarinyar ba ta da shi, sai bakin zaure tana duban hanya. Allah ya haɗa ku da alheri.

Baba Falalu.